Yadda Ake Gano Abin Da Ke Sa Motar Maigida Harbi, Ba Tare Da An Rasa Makullinta Ba

Idan motar da kake tuƙawa ta fara harbi kamar bindiga, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari za ka gano ciwon, za ka gyara shi, makulli kuma zai ci gaba da kwana a aljihunka. Ban taɓa jin wanda ya bi su ya yi asara ba. Waɗanda suka yi asarar ba su dawo sun faɗa mini ba.

Kafin mu fara, ga yadda nake zaton lamarinka yake. Sunanka Illo. Kana zaune a unguwar Sersouf, nan Tamanrasset, tsakiyar hamada. Maigidanka Alhaji Daso, ɗan kasuwa mutumin Damagaram, ya sayar da raƙuman da ya gada ya sayi tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya mai shan isansi, wato fetur, irin waɗanda sojan Faransa suka bari da suka fara tattara nasu. Ranar Alhamis za ta bi ayarin motoci zuwa gida da dabino da shayi da barguna. Kai kuma a saman buhuna ka baro Damagaram, bayan ka ce wa budurwarka Zainabu ba za ta sake ganinka ba sai a bayan sitiyari. In ba haka lamarinka yake ba, je ka gyara shi ya zama haka, sannan ka dawo mu ci gaba.

Mataki na 1: Tabbatar motar ce ta yi

Yaƙi bai daɗe da ƙarewa a ƙasar nan ba, kunnuwan mutane ba su gama hucewa ba. Saboda haka in ka ji tau a bakin kasuwa, kada ka yi saurin ɗaukar laifi. Duba hagu, duba dama. In ka ga mahauci a ƙarƙashin teburinsa, mai shayi kwance rub da ciki da buta a hannu, awakin Buzaye sun nufi dutse, kai kaɗai ne a zaune, to motarka ce.

Jandarma zai iso yana haki. Zai tambaye ka da Larabci, ya sake da Faransanci, ina bindigar. Sauko cikin ladabi, ka zagaya da shi baya, ka nuna masa bututun hayaƙi. Zai sunkuya ya leƙa ciki. Wannan ba lokacin tayar da inji ba ne, ko da zuciyarka ta raya maka.

Zai ce in ta sake yi a kasuwa, zai kulle ta a harabarsu har ayari ya tashi. Yi masa godiya. Hukuma tana son godiya.

Mataki na 2: Gano ta ina yake fita

Harbin mota iri biyu ne. Akwai na gaba, mai fitowa ta kafireta, wato 'yar tukunyar da ke dama mai da iska kafin inji ya sha. Wannan yana nufin mai ya yi kaɗan, ko wani abu ya shiga cikinsa. Akwai na baya, mai fitowa ta bututun hayaƙi. Wannan mai ne da ya ƙi ƙonewa a inda ya kamata, ya tafi ya ƙone a inda zai ba ka kunya.

Ba za ka iya zama a gaba da baya lokaci guda ba, dole ka nemi mai tsaya maka a baya. Nemi Badaru. Ƙanen matar Alhaji ne, ya taɓa wanke motoci a garejin Faransawa, ya fito da hula da 'yan kalmomi, kuma tun ranar da aka sayi kamiyon nan idonsa yake kan makullinta. Jira ranar da ya sa farar riga.

"Matsa kusa, Badaru, ka kasa kunne sosai."

"Ni za ka koya wa sauraren inji? Lokacin da nake gareji kai kana ina?"

Taka totur.

In hayaƙi ya washe ka ga rigar ta koma irin ta maƙera, na baya ne. Kafin ka gama jin daɗin wannan za ta saki wani ta gaba. Motar da ke harbi gaba da baya ba ƙaramin ciwo gare ta ba. Amma dai rigar ta tafi.

Mataki na 3: Ba wa maigida suna ya riƙe

Alhaji Daso zai kira ka zaure. Mutum ne da ya yi rabin rayuwarsa a kan raƙumi, har yanzu in zai hau motar sai ya ɗan tsaya yana jiran ta durƙusa.

"Illo, raƙumi in ya yi irin wannan ƙara na san ta inda zan kama shi. Wannan fa?"

Kada ka ce ba ka sani ba. Direban da ya ce bai sani ba ya riga ya sauka daga mota, saura ƙafafunsa su sami labari. Ce, "Buji ne, Alhaji." Buji su ne 'yan abubuwan nan masu tartsatsin wuta a kan inji. Suna da yawa, ba su da dangi a gari, duk laifin da aka ɗora musu sai su ɗauka.

"To. Buji ko ba buji ba, in Alhamis ta yi tana nan tana kwantar da bayin Allah a kasuwa, miƙa wa Badaru makulli. Kai ka hau saman buhu. Ai ka san wurin."

Ka san wurin. Ka kuma san ta ƙofar gidan wa motar za ta bi in an shiga Damagaram.

Mataki na 4: Yi aikin gaskiya, tunda ba yadda za ka yi

Ɗaga murfin inji. Kwance buji ɗaya ɗaya, ka kankare baƙin da ke bakinsu, ka mayar. Bi wayoyinsu da yatsa ka tabbatar kowace tana gidanta, don wayar da ta shiga gidan maƙwabciyarta wuta take kunnawa ba a kan lokaci ba. Buɗe kafireta ka hura. Shiga ƙarƙashi ka shafa bututun hayaƙi, ko ya tsage yana shan iska. In mutane sun taru suna kallo, riƙa girgiza kai kana tsaki. Ba ya gyara komai, amma yana hana tambaya.

A ƙarshe za ka sami waya guda da ta yi sako-sako. Ita ce ta yi harbin farko na ranar kasuwa. Ɗaure ta.

Tayar da inji da la'asar. Zai yi gurnani mai daɗi kamar kyanwar da ta ƙoshi. Zagaya unguwa, hannu ɗaya a taga, ka bi ta gaban Badaru yana shanya riga. Gaishe shi da aiki.

Washegari da safe ka sake tayarwa. Za ta yi harbi a jere, ta yi tari, ta mutu, tantabarun maƙwabta su bar unguwar. Gobe ma haka: da safe ciwo, da yamma lafiya.

Lura da wannan sosai. Motar da ke kwana lafiya ta tashi da ciwo ba a hanya take ɗauko shi ba. A gida ake ba ta.

Mataki na 5: Ɗauko finjalin shayi

A ƙasan kafireta akwai ƙaramin noti. Da safe, kafin ka tayar, kwance shi ka tara finjali. Ɗaga shi ga rana. Isansi tsantsa launi ɗaya ne. Naka zai rabu biyu: mai a sama, a ƙasa wani ruwa fari-fari gurɓatacce. Ruwa ba ya ƙonewa. In ya shiga inji sai wuta ta ɗauke ta dawo, ta ɗauke ta dawo, abin da bai ƙone ba ya taru ya fashe. Ka gano ciwon ke nan. Kada ka yi murna, ba a nan wahalar take ba.

Tsoma ɗan yatsa har ƙasa ka lasa. Bakanike na gaske da harshe yake aiki, shi ya sa ba su cika tsufa ba. Za ka ji wani ɗanɗano da ka sani tun kana ƙarami, duk ranar da cikinka ya kumbura aka danne ka aka ɗura maka.

Kanwa ce. Kuma babu mai sayar da isansi a duniya da ke sa kanwa.

Mataki na 6: Kama likitan

Bayan sallar asuba kada ka koma bargo. Shiga ƙarƙashin motar ka kwanta, sanyin garin nan yana cin ƙashinka. Jim kaɗan za ka ga ƙafafu biyu masu lalle suna tahowa a hankali, da gindin buta yana lilo. Inna Sauda ce, mahaifiyar Alhaji. Ita ta yi jinyar kowane raƙumi da gidan nan ya taɓa mallaka, tun na mijinta, kuma ba wanda ya gaya mata an daina.

Za ka ji an murɗe murfin tanki. Za ka ji tana shafa ƙarfen tana cewa, "Sannu, baiwar Allah. Sha kaɗan. Su dai su ɗora miki kaya, ba ruwansu da cikinki."

Fito ka durƙusa ka gaishe ta. Ba za ta razana ba.

"A'a, mijina, a nan ka kwana?" Haka take kiranka, irin wasan kaka da jika. "Shimfiɗar ce ta ƙare a gidan?"

"Inna, me ake ba ta?"

"Me kuwa? Tun ranar da ta saki iska a kasuwa na san kumburi ne. Dabba ba ta yin haka sai ciki ya cushe. Jiya na ji abin ya ƙaru, yau na ƙara kanwar." Za ta rage murya. "Kada ka gaya wa mai gidan nan. Zai ce na tsufa, in zauna in huta. Ni kuwa tunda aka sayar da raƙuman nan ba wanda ya sake tambayata komai."

Mai gidan nan ɗanta ne. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

A wannan gaɓa littattafan Nasara cewa suke a kawar da abin da ke kawo ciwon. Nasara ba su san Inna Sauda ba. Ce, "Allah ya saka da alheri, Inna," ka riƙe mata murfin.

Mataki na 7: Riƙe bakinka, ka bar wani ya buɗe nasa

Badaru ma yana da finjali. Zai jira sai Alhaji yana tsakar gida, Inna tana gefe kan tabarma tana kaɗi, sannan ya kwance notin ya ɗaga finjalin sama.

"Alhaji, duba da idonka. Ruwa ne. Shofer ɗin nan naka, Illo, yana sayar da mai a bayan kasuwa, yana cika tanki da ruwa."

Yanzu hanya biyu ce a gabanka: ka amsa kai ɓarawo ne, ko ka nuna tsohuwar da ke kan tabarma. Duka biyun saman buhu suke kaiwa. Ɗauki ta uku.

"Raɓa ce, Alhaji."

"Raɓa," in ji Badaru. "A garin da akuya ke tsufa ba ta taɓa taka raɓa ba."

Alhaji zai karɓi finjalin, ya shinshina, ya tsoma yatsa ya lasa. Kalli fuskarsa. Shi ma an sha danne shi ana ɗura masa, kuma ya san hannun. Zai dubi sama, ya dubi takalminsa, ya dubi ko'ina ban da tabarma.

"Raɓar bana tana da ƙarfi," zai ce.

A nan mai hankali shiru yake yi. Badaru zai tsoma yatsa ya lasa.

"Wace raɓa, Alhaji? Wannan kanwa ce. Wanda ya zuba wa mota kanwa ai jaki ya fi shi tunani."

Mazari zai tsaya a hannun Inna. Kaji ma za su bar tona. Alhaji zai ce, da murya mai taushi ƙwarai, "Badaru, akwai buhuna a shago da ba a ɗinke ba. Ina ga za su kai ka har bayan Alhamis."

In ya fita, Alhaji zai matso kusa da kai, idonsa yana kan tayar mota. "Ka tsayar mini da raɓar nan. Amma in na ga ran wani ya ɓaci a gidan nan, kai da Badaru allura ɗaya za ku raba."

Mataki na 8: Yi wa motar baki

Kada ka ɓoye butar, tana da wata. Kada ka sa wa tanki kwaɗo, za ta gane da wa ake.

Da rana tsaka, gida yana barci, tsiyaye tankin tas, ka wanke shi, ka zuba sabon mai. Sannan nemo mazurari, da guntun tiyo, da bido, jarkar ƙarfen nan ta soja, wadda ba komai a cikinta. Ɗaure mazurarin a bayan kan motar, daidai tsayin tsohuwa. Zura tiyon ya bi ta ƙasa ya shiga bidon, ka ɗaure bidon a inda ido ba ya kai. Shafa wa mazurarin baƙin mai, ya yi kamar da shi aka haife ta.

Washegari ka riga Inna zuwa.

"Inna, na gano wani abu. Nasara da wayo suke, ɓoye bakin dabbarsu suke yi. Wancan da muke ta ba ta, ashe hanci ne. Ga bakin nan."

Za ta dubi mazurarin, ta dube ka, ta daɗe tana dubanka. Kada ka ƙifta.

"Dama na ga ba ta haɗiya da daɗi," za ta ce. "Ko raƙumi ka ɗura wa ta hanci ai sai ya yi atishawa." Za ta tuttula butar duka. Za ka ji ruwan yana gangarawa cikin bido. "Ka ji ko? Yau da ƙishi ta tashi."

Tayar da inji. Ba harbi, ba tari, sai gurnani.

Mataki na 9: Bar yabo ya tafi inda zai tafi

Kafin hantsi duk Sersouf ta ji cewa Inna Sauda ta warkar da kamiyo da kanwa bayan makanikai sun kasa. Makanikan kai ne. Haɗiye. In wani mai mota ya zo neman laƙani, don Allah tare shi a ƙofa ka ce ta fita unguwa.

Ranar Alhamis makulli yana aljihunka. Za ka buɗe ƙofar mota ka tarar da Inna zaune a kujerar gaba, buta a cinya, ƙullin kanwa a gefe, ƙunshin kayanta a ƙarƙashin ƙafa.

"Ba a barin mara lafiya a tsakiyar magani," za ta ce.

Alhaji, wanda shekara da shekaru yake ce mata hanyar gida ta yi mata nisa, zai tattare riga ya hau saman buhu. Nuna masa igiyar da ake riƙewa. Ai ka san wurin.

Daga nan sai tuƙi. Ma'aikacin dowan, wato kwastan, a bakin iyaka zai tambayi mazurarin. Bar Inna ta yi masa bayani, zai ɗaga muku hannu kafin ta kai rabi. In kun kafe a yashi, tona. In hon ya cika da rairayi ya daina kuka, ƙyale shi, ba kowa a hanyar da za ka yi wa. Kowace safiya riƙe mata buta. Har ku wuce Agadas motar ba za ta ce uffan ba.

Mataki na 10: Mayar da harbin

Za ku shiga Damagaram da azahar, zafi ya kora kowa ɗaki. Karya ka bi ta layin su Zainabu, ka ce wa Inna hanyar ta fi kusa. Ba ta fi ba.

A nan za ka ga sakamakon aikinka. Mota tana tafiya sumul kamar mai sanɗa. Ga ƙofar gidan, ga asabarin da ke rufe da ita, ba ko kaza a waje. Danna hon, ka tuna da rairayi. Za ka wuce, kuma ba wanda zai taɓa sanin ka wuce.

To yi haka. Tana cikin tafiya, kashe makulli, ka taka totur mai ya taru a bututu, sannan ka sake kunnawa.

Jakin mai ruwa zai watsar da tuluna ya nufi gabas. Alhaji a saman buhu zai kama salati. Ƙofofi za su buɗe daga farkon layi har ƙarshensa. Zainabu za ta fito da muciya a hannu, ta dubi hayaƙin, ta dubi motar, ta dubi wanda ke bayan sitiyari. Taka burki. Ɗora gwiwar hannu a taga. Kada ka yi murmushi tukuna.

"Illo," za ta ce, "haka kuke sallama a can?"

Kafin ka sami amsa za ka ji Inna ta motsa. Jira ta ce ciwo ya dawo, ta ɗauki buta. Ba za ta ɗauka ba.

"Wannan ba kumburi ba ne, na ga hannun da ya yi shi," za ta ce a hankali, tana gyara mayafi. "In ka sami sarari ka zubar da bidon nan naka na ƙasa. Ya cika tun Agadas, yana ta ɗiga."

Kalli sitiyari. Ba ni da matakin da zan ba ka a nan.

"Mazurarin kuwa ka bar shi inda yake, shi ya kawo ni gida. Yanzu sauko ka riƙe mini hannu, mijina. Sai wani ya shiga ya gaya wa uwar yarinyar nan kana da hankali, tunda abin da ta ji yanzu bai nuna ba."

Sauko ka riƙe mata hannu.

Kafin ka kawo ƙara

Mai wannan bayani ba shi da hannu a farar rigar da ta lalace, ko tulunan da suka fashe, ko jakin da har yanzu ake cigiya. Bututun hayaƙi zai iya tsagewa a mataki na ƙarshe, kuma in ya tsage kai ka murɗa makulli, ba ni ba. In jandarma ya riƙe ka, ban san ka ba, ban san Alhajinka ba. In ka karanta rabi ka tashi ka zuba wa motarka kanwa, nemi Badaru, yana shago, akwai sauran allura. In kuma ka bincika gidanku kaf ba ka sami tsohuwa mai buta ba, mota tana nan tana harbi, to sai haƙuri. Wataƙila da gaske buji ne.